Ƙeranar da Ta Tsiro Cikin Riɗin Alhaji Kashim

Azare,
Jihar Bauchi.
Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga Yayana Alhaji Bubayero,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka duka a can Fatakwal. Yaya ƙarfin jiki? Matarka Sa'adiyya ta gaya mini ƙafar ta fara kai ka masallaci ba tare da sanda ba, kuma likita ya ce jinin ya sauka. Na yi wa Allah godiya ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, ya bar mana kai, domin yanzu kai ne uba, kai ne uwa a gare mu. Mu nan lafiya lau muke. Matar ɗana Jabiru ta sauka lafiya, an samu mace, an mayar da sunan Inna, wato Yakaka, amma Hanan muke kiranta. Kunnuwanta irin naka ne sak, ban san laifin da ta yi ba. 'Yata Adawiyya ta gama makaranta tana jiran sakamako. Gero ya yi kyau bana, wake ne tsutsa ta taɓa, amma mun gode Allah.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya shi ne, a waya kai ke magana ni ina cewa to. Haka aka tarbiyyantar da ni, ba zan iya katse ka ba. Shekaranjiya ka ce mini Alhaji Kashim, maƙwabcinmu na gona, ya samo lambarka ya kira ka, ya yi maka magana mai daɗi, ya ce ƙanwarka ta toshe masa hanya, kuma kai ka yi masa alkawari za ka tsawata mini. Ka ce in bar wa Allah, ka ce riƙo ba halin gidanmu ba ne. Na ce to. Amma ka ji rabin magana ne, kuma laifina ne, domin ni na hana kowa gaya maka sauran lokacin da kake kwance. Likita ya ce kada a tayar maka da hankali, rasuwar Inna ma da ƙyar muka san yadda muka gaya maka. Yanzu tunda ka miƙe, ga labarin duka, ka karanta har ƙarshe sannan ka yi hukunci.

Ka tuna shingen ƙeranar da ke gefen gabas na gonarmu ta hanyar Udubo. Ka fi ni sanin asalinsa, domin kai ka girme ni, amma Inna ta sha ba ni labari. Lokacin da Baba ya baro aikin kuza a Bukuru, bai dawo da akwatin kaya ba, sai buhu ɗauke da sandunan ƙerana guda bakwai, mutane suna ta yi masa tsiya a tasha wai ya yi ƙaura da ƙaya. A nan ƙasarmu aguwa aka sani ana shinge da ita, ita kuwa ba ta da ƙaya, akuya mai naci tana ratsa ta. Baba ya ga yadda mutanen dutse ke kewaye gidajensu da ƙerana, ya ce shi ma sai ya yi. Shi ke haƙa, Inna ke sakawa tana tattakewa, da kai goye a bayanta. Daga bakwai ɗin nan suka riƙa sara suna dasawa, shekara bayan shekara, har shingen ya kai daga bakin hanya zuwa kwari. Ya fi tsayin mutum biyu, rassansa masu kusurwa huɗu sun miƙe sama kamar yatsu, ba ganye sai ƙaya biyu-biyu a jere a kan kowace kusurwa, da rani kuma ya fitar da ƙananan furanni masu ruwan ɗorawa a kan tsininsa, ƙudan zuma su yi ta shawagi. Ka tuna ranar da ka tsaga reshe da wuƙa, farin ruwan nan nasa ya fantsamar maka a hannu ka shafa a ido, Inna ta yi ta wanke maka da madarar shanu har ƙwarya biyu, kana ihu ana jin ka a rugar su Jauro. Fiye da shekara hamsin shingen nan yana tsaye. Shanun Fulani sun bi ta gefensa ba su taɓa shiga mana ba, ba a taɓa jin kanmu da kowa ba.

Bayan rasuwar Malam Adam, mai gonar gabas da mu, magadansa suka sayar wa Alhaji Kashim, dillalin hatsi ne a nan Azare, ba ka san shi ba. Watan farko har gida ya zo ya gaida Inna. A tsakiyar ranin da ya wuce, lokacin da ba mai zuwa gona, ya kwaso 'yan ƙwadago daga wani gari da adduna, suka sare shingen nan kaf a kwana biyu, suka tara suka cinna wuta, abin da ya ƙi ci suka watsa a kwari, suka baje yashi a wurin. Sai da Jabiru ya je duba kara ya tarar da fili fetal, ga kuma turakun siminti an kafa a cikin gonarmu, taku talatin daga inda shingen yake. Taku talatin, Yaya, tun daga hanya har kwari, kuma ka san nan ne ƙasar ta fi ƙarfi, nan ne Baba ke samun dawar da muke ci har wata damina.

Muka kai ƙara wurin Bulama, mai unguwarmu. Ba tsohon da ka sani ba, ɗansa ne ya gaje shi, yaro ne mai kirki amma mai tsoron manya. Aka sa rana aka taru a gonar. Alhaji Kashim bai musa sara ba. Ya ce wai shingen matattarar macizai ne, don lafiyar jama'a ya kawar da shi, kuma wai daidai inda shingen yake nan ya kafa turakunsa, ko taki ɗaya bai ƙara ba. Ya zaro wata takarda mai zane ya nuna. Aka tambayi maƙwabta, mutanen da suka tashi suna ganin shingen nan kullum, kowa ya sunkuyar da kai ya ce shi bai taɓa aunawa ba. Rabinsu a wurinsa suke sayar da amfanin gona, rabi suna yi masa aiki. Ƙasa kuwa yashi ce, an baje, iska ta bi ta kai, babu alamar komai.

Inna ce ta ce sai an kai ta. Na hana, ta ƙi. Muka ɗauko ta a Keke Napep, ka san yadda idonta ya zama, sai dai ta ga inuwar mutum. Ta sauka ta riƙe hannuna, ta ce in kai ta gindin tsamiyar gonarmu in juya ta ta fuskanci gabas, in sake ta. Ta riƙa tafiya da sandarta a hankali, ta wuce turakun Alhaji Kashim ba ta ko tsaya ba, ta ci gaba, sai da ta kai wani wuri ta ja ta tsaya, ta caka sandar a ƙasa. Ta ce nan ne, nan ta durƙusa da goyo ta dasa na farko, ƙafarta ta san wurin ko idonta bai gani ba. Yaya, sai mutumin nan ya gyara babbar rigarsa ya ce wa Bulama wai yanzu tsohuwar da ba ta ganin akushin da ke gabanta ita za ta nuna wa mutane iyakar gona? Ya ce wai ruɗin tsufa ne, a mayar da ita gida a dama mata kunu, kada gobe ta ce kasuwar Azare ma ita ta dasa ta. Mutane suka yi dariya. Ba duka ba, amma sun yi. A cikin masu dariyar nan akwai waɗanda Inna ce ta yanke musu cibiya, shekara arba'in tana ungozoma a unguwar nan. Bulama ya ce tunda babu alama a ƙasa, turaku za su tsaya har sai an kawo wata hujja.

Muka sa Inna a Keke Napep muka kama hanya. Da muka isa gida ta tambaye ni, a hankali, wai ko da gaske hankalinta ya fara tafiya ne mu muke ɓoye mata. Na rantse mata, na sake rantsewa, amma na ga maganar ta riga ta shige ta. Daga ranar nan ta daina fitowa tsakar gida. Matan da ke zuwa tambayarta maganin goyo da na haƙori, sai ta ce a ce musu su tafi asibiti, ita ba ta tabbata da abin da ta sani ba kuma. Abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. Kwana talatin da bakwai ta yi a haka, sannan Allah ya karɓi ranta. Na sani, Yaya, kwana ne ya ƙare, ba wanda ke ƙara wa wani ko rage masa, ban ce Alhaji Kashim ne ya kashe ta ba. Amma Inna ta bar duniya tana shakkar kanta, matar da duk garin nan ke zuwa neman shawararta, kuma wannan shi ya yi mata. Ya zo ta'aziyya ranar uku da 'yan rakiya, ya zauna a tabarmarmu ya shafa fatiha. Ina daga cikin gida ina jin muryarsa. A ranar na yi wa kaina alkawari, ban gaya wa kowa ba.

Tun kafin rasuwar na riga na je kwarin da suka watsar da sauran. Abin da 'yan ƙwadagonsa ba su sani ba, ƙerana ba ta mutuwa don an sare ta. Jikinta cike yake da ruwa, wuta ma sama-sama take lasar ta. Na sa tsumma a hannu, na ɗaure fuska da mayafi saboda ruwan, ni da Jabiru muka tsinto duk reshen da bai ƙone ba, muka cika amalanke biyu. Na yi yadda Inna ta koya mini: a jingine su a inuwa mako biyu har bakin saran ya bushe ya yi ɓawo, domin in ka dasa da ɗanyen rauni ruɓewa zai yi. Sannan na jera su a bayan gida cikin yashi zalla, zurfin tafin hannu kawai, ba taki, ba ban ruwa. Ita ƙerana yawan ruwa ne ajalinta, wahala ce abincinta. Maƙwabta suna cewa baƙin ciki ya taɓa Dijatu, tana renon ƙaya. Na bar su. A lokacin ni kaina ban san abin da zan yi da su ba, na dai san ba zan bar abin da hannun Inna ya dasa ya ƙare a kwari ba.

Damina ta sauka, Alhaji Kashim ya sa garmar shanu ya shuka riɗi har kan turakunsa. Bayan ruwa na huɗu ko na biyar, ina gonar ina duba gero, sai na hangi wani abu kore shar a tsakiyar riɗinsa wanda ba riɗi ba. Na tsallaka turakun na je. Ashe da suka sare shingen, tsoron ruwansa ya hana su tone kututturen, sai suka yanke daidai ƙasa suka rufe da yashi, garma kuma tana zuwa wurin sai ta yi tsalle. Ga 'ya'yan ƙerana nan sun ɓullo, kamar yatsun jariri, da 'yar ƙayarsu mai laushi, a jere cak daga hanya har kwari. Na bi layin da ido. Ya ratsa ta daidai inda Inna ta caka sandarta. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Adawiyya ta ɗauki hotuna da waya tun a ranar, kafin labari ya kai masa. Da ya ji, ya turo mutane su tumɓuke, amma na farkon da ya gwada da hannu ruwan ya ƙona masa damtse ya yi bororo, sauran suka ce su ba da su ba. Wannan karon ban tsaya wurin Bulama ba, na kai maganar gaban Hakimi, shi kuma ya turo wakilinsa. Aka sake taruwa, mutanen ranar farko duk suna nan, har da ƙari. Ka san abin da mutumin nan ya ce? Wai ni na lallaɓo na dasa su a cikin riɗinsa, ai kowa ya san ina renon ƙerana a bayan gida. Na ga wasu sun fara gyaɗa kai. Sai Allah ya kawo Malam Boaz, malamin gona ne da aka turo yankinmu, mutumin wajen Bogoro, wakilin Hakimi ne ya gayyato shi. Ya ce shi a cikin shingen ƙerana aka haife shi, a garinsu da ita ake kewaye gida, kuma gane wannan ba wuya. Ya ce reshen da aka dasa bana saiwarsa ba ta wuce zare ba, a ba shi fartanya. Ya naɗe hannun riga ya tona gindin guda ɗaya. Sai ga kututture baƙi ƙirin, kaurinsa ya kai cinyar babban mutum, da sawun adda da ƙuna a kansa, saiwoyinsa sun nutse ƙasa. Ya tona na biyu can gaba, ya tona na uku. Ya miƙe ya ce wannan ya girme shi, shi kuwa ya haura arba'in. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wakilin Hakimi ya ce a cire turaku a ranar, Alhaji ya girbe riɗin da ya shuka ya bar mana ƙasarmu.

Kowa ya ce mini shi ke nan, gaskiya ta yi halinta, in yi haƙuri. Ni kuwa ban ga shi ke nan ba. Ƙasa ta dawo, Inna fa? Sai na tuna gonar gabas ba ta da mafita zuwa titi sai ta kan tamu. Hanyar nan da ke bi ta gefen arewa, Baba ne ya bar wa Malam Adam don zumunci, ba saya ya yi ba, ba gado ba ne, kuma wakilin Hakimi da kansa ya tabbatar cikin gonarmu take. Ta nan motar Alhaji Kashim ke shiga. Da ruwa ya ɗauke, ƙasa na da sauran danshi, lokacin da ya fi dacewa da dashe, na kwaso renon nan nawa na bayan gida. Sun yi saiwa, wasu sun kai ƙirjina. Muka mayar da shingen gabas a kan tsohon layinsa, sannan na sa aka gicciya layi uku a bakin hanyar nan, kusa da kusa, yadda in sun haɗe ko kaza ba za ta ratsa ba. Ni na riƙa tattake gindin kowanne da ƙafata. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi. Ba shi da wata hanya sai ya zagaya ta kwari, inda mota ba ta bi, kuma ga riɗinsa ya nuna, in aka bar shi zubewa zai yi.

Ya turo liman, ya turo Bulama, ya turo matarsa da goro. Na karɓe su hannu biyu, na ba su amsa ɗaya. Na ce ya zo ƙofar Bulama ranar Juma'a bayan an sauko, gaban mutanen da suka ji abin da ya ce wa Inna, ya faɗi da bakinsa cewa Yakaka gaskiya ta faɗa, da hankalinta, shi ne ya yi ƙarya. Juma'a biyu yana ja, riɗi yana zuba. A ta uku ya zo. Ya faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Ina daga zaure, na aika Jabiru ya ce wa Bulama mata ba su ji ba, ranar da ya yi wancan furucin kuwa har na bayan tsamiya sun ji. Ya sake faɗa da ƙarfi, ya kira sunanta. Wasu tsofaffi suka yi ta share hawaye, wasu kuma suka kasa ɗaga kai. Sai ya ce in yafe masa. Na ce a gaya masa abin da ya yi mini ni Dijatu, na gona da na wahala, na yafe. Amma haƙƙin Inna ba nawa ba ne balle in yafe, mai shi ta tafi, sai ya jira su haɗu.

Washegari na cire guda biyu daga kowane layi. Na bar masa ƙofa daidai faɗin mutum ɗaya, jaki da kaya yana iya wucewa in an yi a hankali, amalanke ba ta shiga, balle mota. A kan jakuna da kawunan mutane aka fitar da riɗinsa, kwana huɗu ana yi. A rana ta ƙarshe ina zaune a gindin tsamiya ina sussukar gero, ya zo da kansa. Ya ajiye motarsa a titi, ya tattare babbar riga ya karkace zai wuce, ƙaya ta kama masa hannun rigar. Ya tsaya yana ɓanɓarewa a hankali, yana tsoron kada reshe ya tsage ruwan ya taɓa shi, 'yan aikinsa suna tsaye suna jira. Ya ɗago muka haɗa ido. Na ce masa sannu da aiki, Alhaji. Ya mayar da kai ga rigarsa ya ci gaba da ɓanɓarewa.

Wannan ita ce toshe hanyar da ya kai maka ƙara a kai. Bai rasa hanya ba, hanyar mota ya rasa, kuma yana so kai ka buɗe masa ita tunda ya ga ni ba zan buɗe ba. Yaya, kai ne babba, gonar nan rabonka a ciki ya fi nawa, ban isa in ja da kai ba. In ka karanta wannan duka ka ga har yanzu a buɗe masa, maganarka ce sama. Amma ba zan sa Jabiru ya cire ba, ni ma hannuna ba zai cire ba. Sai dai in ka ƙara samun ƙarfi ka hau mota ka zo, mu fara zuwa maƙabarta ka ga inda aka kwantar da ita tunda ba ka samu zuwa ba, daga nan in raka ka gonar in ba ka tsumma da fartanya, ka tumɓuke da hannunka. In ka iya, wallahi ba zan ce maka komai ba.

Ka gaida mini Sa'adiyya da kyau, ka ce Allah ya saka mata da alheri bisa jinyar da ta yi. Ka gaida ɗanka Ikrima da matarsa, da 'yarka Ya Gana da yaranta, da maƙwabcinka Ɗanboyi da ya riƙa kai ka asibiti. Jabiru da Adawiyya suna gaishe ka, suna cewa a sa musu albarka. Na ba direban da zai kawo wannan takarda ƙullin kuka da daddawa da ɗan zuma, zumar ta Misau ce, ka riƙa sha da ruwan ɗumi. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya haskaka kabarinsu, ya sa mu cika da imani.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Dijatu.